Sunan da Bakin Kaka Ya Iya Kira

Ranar Litinin ta farko a watan Oktoba, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta, kakarmu ta tasa mu gaba, ni da ƙanena Isuhu, zuwa lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauyenmu da ke kusa da Babankatami. Ina da shekara takwas, shi yana da bakwai ko abin da ya yi kama da bakwai. Mun makara ƙwarai, domin Kaka ta ce ba za ta bar surfe a turmi ba saboda boko, kuma sai da ta dirje mana ƙafafu da dutse, ta shafe mu da man gyaɗa muna ƙyalli kamar ƙosai. Lokacin da muka isa rana ta kusa tsaka. Iyayen yara duk sun koma gona yankan hatsi, ba kowa a ƙarƙashin itacen bedin tsakar lakwal sai mushe, wato malamin, da teburinsa da babban littafin rajista. Baƙo ne daga yamma, wajen kogi, bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba, Hausarsa kuma ba ta wuce ta sayen tumatir ba. Ya tambayi sunayenmu, aka faɗa masa. Sannan ya ɗaga biro ya ce, "Sunan uba?"

Kaka ta dubi bedi. Ta dubi wata akuya da ke cin takarda a bakin aji. Ta gyara mayafinta, ta yi shiru irin na wadda ba ta da niyyar dainawa. Abin da mushe bai sani ba shi ne, ubanmu ɗanta ne na fari, kuma a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In tana son a kira shi sai ta ce "ku kira min wancan", da ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan kuwa, damina biyu kafin wannan rana, sai ya samu ƙarin girma ya zama "mutumin Abijan". Mushe ya juyo gare mu. Mun san sunan sarai, amma ranar da Isuhu ya taɓa faɗinsa a tsakar gida Inna ta murɗe masa leɓe har ya kwana biyu yana shan kunu da gefen baki, saboda haka muka duƙar da kai muna ƙirga yatsun ƙafa. Mushe ya ce to, a ba shi sunan kakanmu namiji. Wannan mijinta ne, ko da yake ya rasu, rasuwa ba ta ɗauke kunya. Ya ce to uban kakan fa? Wannan surukinta ne. Bawan Allah ya yi sallama a ƙofa uku, ba wadda aka amsa masa. Ya share gumi, ya ce zai rufe littafi, mu dawo baɗi da wanda yake da baki.

A nan Kaka ta dafa teburin da hannunta mai ƙurar dusa ta ce, "Rubuta Shibkau. Shi ɗai na uban da bakina ka iya kira."

Mushe ya rubuta da sauri, kafin ta sake shawara. Daga wannan littafi sunan ya tafi ofishin hukuma a garin Buza, aka buga shi a takardun haihuwarmu, aka danna hatimi. Haka na zama Zainabu Shibkau, ƙanena ya zama Isuhu Shibkau. Sunan ubanmu na gaskiya ba zan rubuta shi a nan ba. Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, na karanta abin da ya samu na littattafai, amma ni ma jikar tsohuwar nan ce.

Shibkau uban Kaka ne, makaɗin noma daga wajen Ibohamane, wanda ya rasu tun kafin a haife mu. Sunan makaɗi ba ya ɓoyuwa: shi da kansa yake kiransa a cikin waƙa, 'ya'yansa kuma su amsa masa, don haka Kaka ta saba da faɗinsa tun tana yarinya mai amshi. Matsalar tana ɗaya gefen. Dangin kakanmu namiji manoma ne masu rumbu huɗu da liman guda a tarihinsu, wanda ba sa gajiya da ambato. Sun auro 'yar makaɗi saboda kyanta da ƙarfin hannunta, sannan suka kwashe shekara arba'in suna yi kamar daga sama ta faɗo. Ita kuma ta bar su da hakan, har ranar da wani baƙo mai biro ya matsa mata.

Baba ya dawo da bazara, da katifa a naɗe da rediyo mai kaset. Ni ce na jawo fitinar, saboda son a san na iya karatu. Na ɗauko kaye na, wato littafin rubutu, na karanta masa sunana da ke bangon da babbar murya, harafi bayan harafi, ina jiran yabo. Ya ce in sake. Na sake. Ya ajiye ludayin fura. Ba shi da halin yi wa uwarsa faɗa, domin ɗan fari da uwarsa ko doguwar gaisuwa ba sa yi ido da ido, sai aka yi rigimar ta bakina. Yana zaune a gindin rumbu, tana bakin murhu, tsakaninsu bai kai taki goma ba, ni ina kai da kawo kamar masinja. "Tahi ki ce ma kakarki, sunaye sun ƙare duniya na?" Sai in je in faɗa, alhali ta riga ta ji. "Ce ma wancan, da shina gida da shi anka tambaya." Ya je Buza sau biyu don a gyara. Aka ce sai ya kawo shaidu, sai ya je gaban alƙali, sai ya dawo ranar da mai sa hannu yake nan. Kafin mai sa hannu ya kasance yana nan, ruwan shuka ya sauka. Baba ya ce bayan kaka zai gyara. Bayan kaka ya tafi bida. Haka aka yi ta yi har muka gama firamare. Abin da ya iya zartarwa kawai shi ne doka: kada a faɗi wannan suna a cikin gidansa. Sunayen da ba a kira a gidanmu suka tashi daga uku suka koma huɗu.

Doka ta hana faɗin suna, amma ba ta ce komai a kan hannu ba, kuma hannun Isuhu ba ya zama. Da safe in muka kora jaki zuwa rijiyar kwari, tun da tamu ta rufta, jarkokin da ke rataye sun sha kiɗa kafin su sha ruwa. Yana kaɗa gwangwanin tumatir, yana kaɗa cikin rumbu in ya yi rabi, yana cewa rumbun dawa da na hatsi ba muryarsu ɗaya ba. In muna tsaron tsuntsaye a gona, sauran yara na ihu suna jifa da majajjawa, shi kuwa sai ya jera ƙwarya uku a kan rumfa ya yi ta bugu, tsuntsayen su tashi su sake sauka kusa, ina jin don su ji da kyau. Kaka ce malamarsa, ko da yake da an tambaye ta sai ta rantse ba ta koya wa kowa komai ba. Tana daka ne kawai. Amma taɓaryarta ba ta sauka yadda ta sauran mata take sauka. Takan jefa ta sama, ta tafa biyu, ta cafe, ta dubi Isuhu ta gefen ido ta ce, "Maigidana, ka ji inda ƙahwa ka hwaɗuwa?" Shi kuma ya mayar mata a bayan akushi. In ya yi kure ta ce an yi mata mugun zaɓen miji, a mayar mata da tsohon. Ni ina gefe ina tankaɗe, ina haddace jadawalin bakwai, ina ganin su biyun ba su da aikin yi.

A lakwal sunan ya zame mana kaya. Yara sun ji daga iyayensu ko wane ne Shibkau, don haka da an fito hutun tsakiya sai su zagaye mu suna cewa, "Jikokin maroƙa, ku yi muna kirari mu ba ku ƙanzo." Ni nakan yi dambe, kuma ban cika yin nasara ba. Isuhu kuwa sai ya yi musu kirarin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan mai kai kamar tulun da aka fasa aka ɗinke, wancan wanda jakinsu ya fi shi sanin hanyar gida, har masu tsokanar su koma suna roƙonsa ya yi wa wane ma. Akwai wani ƙashin jaki da aka ɗaura wa igiya, ana ce masa semboli, wanda ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa a harabar lakwal. Ƙashin nan ya daɗe a wuyan ƙanena har inda igiyar take kwanciya ya yi haske. Faransancinsa bai taɓa gamsar da kowa ba a dikte, wato shifta, amma ranar hadda, in ya tashi karanta waƙoƙin littafi, yakan buga tebur da tafin hannu ya jera baitocin a kan bugun, aji duka na gyaɗa kai. Mushe ya rasa ko ya ba shi maki goma ko ya ba shi bulala, yawanci sai ya ba shi duka biyun.

Yana da shekara goma sha biyu aka yi gayya a gonar kawunmu. An dama fura ƙwarya-ƙwarya, samari da magidanta sun jeru da kalme, wato fartanyar noma, sai aka aiko cewa makaɗin da aka gayyata zazzaɓi ya kwantar da shi. Noma ya fara a sanyaye, kowa na duban kuyyar maƙwabcinsa. Isuhu, wanda aka aiko da ruwa, ya juye jarkar a tulu, ya rataya ta da igiyar jaki, ya bi bayan manoman yana bugu yana kiran kowa da sunan ubansa da na gonar kakansa. Ban san inda ya tara su ba, ko da yake ina zargin wata mai daka. Ƙasa ta fara tashi. Kafin azahar an cinye gonar da aka yi wa lissafin la'asar. Baba yana cikin manoman, kuma na gani da idona, ba wanda ya riga shi kai ƙarshen kuyya, domin ƙafa ba ta neman izinin mai ita. Shi kaɗai ne yaron ya tsallake bai kira ba. Da muka koma gida ya wanke ƙafafunsa, ya kira ni, aikina na masinja ya dawo. "Ce ma ƙanenki, gidanga manoma muke. Mu a ka yi ma kiɗi, ba mu ka yi ba." Isuhu yana tsaye a bayana. Tun daga ranar nan har ya yi gemu, abin da yake nema a duniya bai wuce Baba ya janye wannan magana ba.

Kolej, wato ƙaramar sakandare, ta kai mu Madawa, gidan wani dillalin albasa da ya karɓe mu, inda har kayenmu warin albasa suke. A can kaset ɗin rap ya same shi, a hannun ɗaliban da ke dawowa hutu daga Yamai. Ya saurara sau ɗaya ya ce min, "Zainabu, wanga ai abin da Kaka ka yi na, sai dai su suna hushi." Ya kai wa tela yadi ya ce a ɗinka masa wando mai faɗin buhu. Telan, mutumin kirki, ya ɗauka yaron bai iya awo ba, ya rage masa kyauta. Shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiya, suna gwaji a bayan aji bayan la'asar, ɗaya na kiɗa da baki. Abokan suka zaɓi sunayen turawa masu ban tsoro waɗanda ko su ba su iya rubutawa. Isuhu ya ce shi yana da suna a takarda wanda ba a amfani da shi a gida, sabo fil, zai ɗauke shi. Da suka yi kaset na farko, a wani shagon gyaran rediyo, ya kawo wa Kaka ƙauye, ya sa mata a bayan ɗaki lokacin da Baba ya tafi kasuwar Buza. Ta saurara har ƙarshe tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Maigidana, mi mutane sunka yi maka kaka yi musu hwaɗa haka? Wanga ba waƙa ba ta." Ta jefa gyaɗa a baki. "Amma ƙahwa ta hwaɗi daidai." Ba ta kai damina ta gaba ba.

Jarrabawar birebe, ta gama kolej, ta kayar da shi sau biyu, ba tare da wata wahala ba, sai ya tafi Yamai. Ya yi yaron mota, ya sayar da katin waya a bakin titi, ya share wani ɗakin ɗaukar murya shekara biyu kafin a bar shi ya tsaya gaban makirfo. Ni na wuce lise, babbar sakandare, na zama malama, na fara gyara kuren 'ya'yan mutane da jan biro. Sannu a hankali gidajen rediyo suka fara sa shi. Ya yi waƙa a kan masu tafiya bida da matan da ake bari da rumbu rabi, ya yi a kan matan da ke jidar duwatsu a tuddan Keita don tare zaizayar ƙasa, ya yi wata a kan rijiya da na san ko wacce ce. Ya zagaya Tawa da Maraɗi da Agadas. 'Yan ajina suka fara tambayata ko da gaske ni yayar Shibkau ce, suna dubana da tausayi, kamar wadda aka raba gado ba ta nan.

Baba ya daina bida, gwiwa ta hana. Bisa ga faɗarsa bai taɓa jin ko waƙa ɗaya ba. In yana zaune a majalisa mai rediyo ya ambaci sunan, sai ya ɗauki buta ya ce zai sabunta alwala, kuma a shekarun nan ba na jin akwai mai tsarkinsa a duk ƙasar Buza. In aka tambaye shi ina yaron, sai ya ce, "Shina Yamai, shina bida." Isuhu yakan zo da Salla. Tun daga bakin gari yake cire sarƙa da hular hana-salla ya sa jalabiya, ya durƙusa ya gaida Baba, a yi maganar ruwa da farashin taki da ciwon gwiwa. Yakan daɗe a durƙushe bayan gaisuwa ta ƙare. Baba ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa hannu ga carbi.

Sai Isuhu ya fitar da waƙa a kan sunan kansa. A ciki Shibkau haifaffen Keita ne, makaɗin sarakuna, yana kan farin doki, manyan Abzinawa na yi masa kyautar raƙuma. Waƙar ta karɓu fiye da duk abin da ya taɓa yi, har 'yan kabu-kabu na sa ta a waya. A bakans ɗin shekarar, wato babban hutun makaranta, cikin watan Agusta, na je gida. Wata rana da hantsi na kai wa Baba fura gona, na same shi a gindin gawo yana gyara ƙotar kalme. Bai dubi furar ba. Ya ce, "Kina da biro?" Malama ba ta rasa biro. Ya ce, "Ƙanenki ya yi ƙarya. Zamna ki rubuta."

Na zauna a kan kuyya, na ɗora kaye a gwiwa. "Shibkau," in ji Baba, kuma wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinsa, "bai taɓa yi ma sarki kiɗi ba. Manoma yay yi ma." Ba a Keita aka haife shi ba, a wani ƙauye ne gabas da Ibohamane. Doki kuwa ko na aro bai hau ba, da ƙafa yake bin gonaki, ganga a kafaɗa, idonsa ɗaya ya mutu tun yana yaro. Ubansa ba makaɗi ba ne, mai jan ruwa ne, yana shayar da raƙuman Buzayen da ke mulkin yankin a zamanin, kuma daga saukar guga da hawansa Shibkau ya ɗauko bugunsa na farko. Ba a taɓa ba shi raƙumi ba. Damin hatsi ake ba shi, wata shekarar rabin dami, ya yi godiya da waƙa kamar an ba shi gari. Baba ya san wannan duka domin yana ɗan shekara tara uwarsa ta kai shi can ya yi damina guda, shi yake ɗaukar wa tsohon ganga daga gona zuwa gona. Shekara hamsin da wani abu bai gaya wa kowa ba. Ya jero min garuruwan da suka bi da sunayen manoman da aka yi wa take. Sannan ya kwantar da kalmen a cinya, ya buga ƙotar da yatsu huɗu, ya rera taken Shibkau da wata tsattsagaggiyar murya da ban san yana da ita ba. Ya sake rerawa don in samu baitin daidai.

Na ce, da muryar da ba ta san komai ba, "Baba, ina kaj ji waƙar Isuhu?"

Ya ce, "Rubuta abin da anka ce ki rubuta, madam." Da na cika shafi huɗu ya ɗauki ludayi, ya ƙara da cewa, "Ki ce mai, in za shi ɗauki sunan mutum, shi ɗauke shi da ƙurar ƙahwatai."

Da la'asar na hau tudun bayan gari, inda waya take kamawa, na karanta wa Isuhu shafukan nan huɗu. Ya saurara har ƙarshe. Da ya yi magana muryarsa ba ta mai cika filin wasa ba ce. "Ya hwaɗi sunan? Da bakinai?" Na ce sau tara, na ƙirga. Ya ce in sake karantawa daga farko.

Ya koma ya sake waƙar, ya sauke kakanmu daga doki, ya mayar wa Abzinawa raƙumansu, ya sa bugun ƙotar kalme a ƙarƙashin baitocin. Gaskiya ita ce sabuwar ba ta karɓu kamar tsohuwar ba, matasa sun fi son dokin. Na kai wa Baba ita gona a wayata. Ya saurara ido rufe, ya gano kure biyu, ya ce in rubuta. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace waƙa Isuhu ya gama sai ya turo min kafin kowa ya ji, in kai ta gindin gawo, in dawo da gyara: ba haka ake ɗaure dami ba, ba a wannan watan gawo yake zubar da ganye ba, wane ba ɗan wane ba ne, jikansa ne. Baba bai taɓa cewa waƙa ta yi daɗi ba, Isuhu kuma bai taɓa tambaya ba.

Damina uku ke nan da rasuwar Baba. Ana gayya har yanzu a ƙauyenmu, jefi-jefi, kowane saurayi da wayarsa a aljihu tana masa nasa kiɗan, wani lokaci ma muryar ƙanena ce ke fitowa daga aljihu biyar, kowace a baiti daban. Ba mai bin bayansu yana kiran iyayensu. Isuhu ya fara furfura a gemu, sababbin mawaƙa na ce masa tsoho, yana yi kamar abin bai dame shi ba. Har yau yana turo min kowace waƙa kafin ta fita, ni kuma nakan zauna bayan an tashi daga aji in saurara da jan biro a hannu. Sai dai abin da na sani na littafi ne. Nakan mayar masa da cewa ta yi kyau, ya ce ya gode, mu duka mun san ba amsar da yake jira ba ke nan.

Yanzu in ya yi kure, ba mai aiko masa da saƙo.